Sunan da Ban Taɓa Kira Ba Yana Bangon Littafi

Hajiya Turai,

Don Allah ki taimake ni da shawara, abin ya fi ƙarfin tunanina.

Ranar Laraba ina sheƙa gero a tsakar gida, Malam Salisu, abokin ɗana da suka yi koyarwa tare a Birnin Kudu, ya yi sallama ya miƙo mini wani littafi. Ya ce samfuri ne daga masu ɗab'i a Zariya, sauran suna tafe bayan Babbar Sallah. Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, na shiga aji shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira, kuma har yau ba na iya karatu a zuci, sai na furta. Na ɗora yatsa a bangon ina haɗa baƙaƙe. Sai da na kai ƙarshe na ji abin da bakina ya faɗa. Sunan ɗana ne. Shekara ashirin da tara ya yi a duniya, sai ranar Larabar nan na fara kiran sunansa, shi kuma yana kabari tun daminar bara.

Ɗan farina ne. Mu Fulanin Gwaram ne, ko da yake Hausa muke yi yanzu, kin san yadda abin yake. Da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. In ya zo gaishe ni sai in juya kai in amsa wa bango. "Wancan" nake ce masa, da ya girma na koma "Malam". Ina ganinsa da tulin littattafan rubutu, na ɗauka aikin 'yan makaranta yake dubawa. Ashe labari yake ƙirƙira, shafi ɗari da sittin! Malam Salisu ya ce har kogin da muke wanki yana ciki, da tsamiyar ƙofar gidanmu. Ina taɓa takardar ina mamaki, wai daga cikina wannan ya fito, kuma mutanen da ba su san hanyar Gwaram ba za su karanta.

A shafin farko ya rubuta: "Ga wadda ta haife ni, wadda ba ta taɓa kiran sunana ba, amma ban taɓa zuwa na tarar ba a ajiye mini kindirmo ba." Nan na tsaya. Ina tsoron ya tafi da ciwon abin a ransa.

Yanzu malamai za su yi taro ranar da littattafan suka iso, suna so in karɓi na farko in yi magana a kansa. Yayata Hapsatu ta ce in na buɗe baki na ambace shi a gaban maza na zubar da kunyar gidanmu, kuma mamaci addu'a yake bukata, ba taro ba. Ban ba Malam Salisu amsa ba, ban kuma wuce shafin farko ba.

Uwar Marubuci, Gwaram

*

'Yar'uwa,

Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri.

Koma ki sake karanta layin nan har ƙarshensa, don kin tsaya a rabi. Wanda ke jin haushi ba ya tuna kindirmo. Ɗanki ya san ma'anar juya kan da kike yi, ya kuma rubuta ta yadda duk mai karatu zai gane. Godiya ce ya bar miki.

Yayarki ba ta yi ƙarya ba. Kunyar ɗan fari tarbiyya ce da aka raine ku da ita, kuma addu'a ta fi taro amfani gare shi. Amma al'ada ce, addini bai hana uwa kiran ɗanta ba. In kin kira ba ki yi laifi ba, in kin yi shiru ba ki ci amanarsa ba.

Ga abin da nake gani. Ki je taron, ki tafi da Hapsatu ta zauna kusa da ke, ta gani da idonta. Ki gaya wa Malam Salisu tun yanzu cewa za ki karɓi littafin, magana kuwa sai yadda zuciyarki ta ba ki a ranar, kada a sa ki a gaba. Kafin Sallah ki riƙa karanta shafi biyu kullum bayan la'asar, da ƙarfi kamar yadda kika saba. Idan kin idar da salla, ki ambace shi da sunansa a cikin addu'a. Can babu mai jin ki sai Allah, bakinki kuma zai saba.

Allah ya sa littafin ya karɓu, ya sanyaya miki zuciya. Na lura kin cika mini takarda uku ba ki rubuta sunansa ko sau ɗaya ba, don haka ni ma ban san sunan da zan nema a kantin littattafai ba. Wannan ya rage gare ki.

Hajiya Turai