Gardamar Tela da Kafinta

Zuwa ga Baba Kafinta,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Mama. Na gode da ka kai mahaifina asibiti ranar da ya faɗi a shagon ɗinkinsa. Likita ta ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma wataƙila maganarsa ba za ta dawo ba. Ba zan samu zuwa ba sai ɗalibaina sun gama jarrabawa.

Roƙona ɗaya ne, Baba. Don Allah kada ka tayar masa da gardamar nan taku ta Almasihu. Hutu yake bukata.

'Yarka,
Malama

'Yata,

Bayan gaisuwa, na amsa laifina tun kafin ki ji a bakin wani.

Kwana goma na bi umarninki. In zauna a gefen gadonsa, in yi ta zancen tsadar katako da ciwon gwiwata, shi kuwa ya juya fuska bango. Abinci ma ya daina karɓa.

Kin san shekara talatin muna abu ɗaya a bencin da ke tsakanin shagunanmu. Ni Kirista, na ce Almasihu ya zo, ya mutu dominmu, zai kuma dawo. Shi Bayahude, ya ce ana jira, sarki ne daga zuriyar Dauda, kuma ranar da ya zo yaƙi zai ƙare a duniya. Ya miƙo mini jarida, wai in nuna masa inda yaƙin ya ƙare.

Jiya haƙurina ya ƙare. Na ce, “Tela, tunda ka yi shiru, ka yarda ke nan. Gobe zan shaida wa duk layinmu ka sallama.”

Sai ya juyo. Ya damƙi hannun rigata da hagunsa, ya daɗe yana kokawa da harshensa. Can ya ce, “Bai... zo... ba.”

'Yata, ban taɓa jin daɗin a ƙaryata ni ba sai jiya. Na fita baranda ina kiran likita ina kuka, takalmi ƙafa ɗaya. Da ta iso na sake tsokanarsa, ya ƙara da “tukuna.” Ta ce in riƙa zuwa sau biyu a rana. Ya cinye abincinsa tas, don ya samu ƙarfin zagina.

Ki yafe mini.

Babanki,
Kafinta

'Yata,

Ina gaishe ki. Da hagu nake rubutu, ki yi haƙuri da karkacewar. An sallame ni. Yau na taka da ƙafata har bencinmu, ban riƙe kowa ba.

Kafinta na ta yawo yana cewa shi ya warkar da ni. Ƙyale shi ya ji daɗi. Mun yi sabuwar yarjejeniya: ranar da Almasihu ya bayyana, tare za mu je mu tambaye shi ko ya taɓa zuwa. Kafin nan ba wanda zai mutu ya bar ɗan'uwansa.

Ki zo da wuri, ina da labari da yawa.

Mahaifinki