Tsakuwa a Bakin Dutse Mai Busa

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Mama, kumburin ya sauka? Mu ma lafiya lau, sai kewarku.

Kin ce in ba ki labarin inda aure ya kawo ni. Ƙauye ne, Yaya, amma mai abin mamaki. Maigidana yana da 'yar bas da yake zagayawa da baƙi masu yawon buɗe ido. Yakan kai su gidan da wani tsoho ya gina da kwalaben lemo zalla, sannan wajen ƙaton takalmin ƙarfe da wani mai walda ya ƙera, wanda ake shiga ciki a ɗauki hoto. Daga ƙarshe ya kawo su namu, dutse mai busa, a bayan gonar surukina. Akwai rami a gefensa, bai fi bakin tulu faɗi ba. In iskar yamma ta taso sai ki ji yana busa kamar sarewa, har tsigar jikinki ta tashi. Baba, wato surukin nawa, shi ke kula da shi tun yana saurayi. Yanzu idonsa ya tafi, amma kullum yana can kan kujerarsa yana saurare.

Sai dai Baba ba mai ba da labari ba ne. In baƙi sun tambayi dalilin busar, sai ya ce iska ce. Shi ke nan fa! Ni kuwa kin san ni da littattafan soyayya. Rannan na kasa haƙuri, na ce wa wasu 'yan mata wai wata amarya ce mijinta ya yi tafiya, kullum takan zo ta jefa tsakuwa a ramin, shi ne dutsen ke taya ta kuka. Wallahi har ɗaya ta share hawaye. Maigidan ya yi ta dariya, wai ashe gidan rediyo ya auro bai sani ba.

A shafa min kan yara.

Taki har kullum,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata kowa lafiya. Na ji daɗin jin Mama ta fara takawa.

Ni kam hankalina a tashe yake. Labarin nan ya bazu a wayoyi. Duk wanda ya sauko daga bas sai ya jefa tsakuwarsa, ana ɗaukarsa bidiyo. Har maƙwabciyarmu ta kafa tebur tana sayar da tsakuwa mai fenti. Da farko daɗi na ji, ina ganin kamar littafina ne aka buga.

Baba ne ya fara lura. Ya ce dutsen kamar mura ta kama shi, muka yi dariya. Daga nan muryar ta yi ta shaƙewa, yanzu ta ɗauke gaba ɗaya. Jiya ya karkata kai ya daɗe, sannan ya ce min, 'yata, yau ma iskar ba ta zo ba ne? Yaya, a lokacin mayafina kaɗawa yake kamar zai tashi sama, shi ma iskar na taɓa gemunsa. 

Maigidan ya ce in ja bakina, zai gyara kafin Baba ya gane. Ki taya ni addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutan gida duka.

Maigidan ya fara da ɗaura ludayi a kan gora don kwaso tsakuwar, amma ramin lanƙwasa yake daga ciki. Sai ya kawo guduma da kurfi ya faɗaɗa bakin don hannu ya shiga. Ni na riƙe masa bokiti. Mun kwashe tsakuwar tas, muka zauna jiran yamma kamar masu jiran haihuwa. Iska ta zo, ta shiga, ta fita, babu abin da muka ji sai huci irin na wanda ya gaji. Ashe ƙanƙantar bakin ce ke yin busar.

Washegari Baba ya ce in kama hannunsa in kai shi. Ya bi bakin ramin da yatsunsa a hankali, har sabon kaifin ya yanke shi. Nan na fashe da kuka na gaya masa komai. Na so ya zage ni, Yaya, da na ji sauƙi. Bai yi ba. Maigidan ya ce za a kira magini ya matse bakin da siminti, Baba ya ce a bari, duk abin da za a ji bayan nan ba dutsen ba ne.

Abin da ya fi ci min rai, baƙin ba su ragu ba. Babu mai tambayar busa, labarin amarya kawai suke so. Maigidan har ya ce in ƙara masa babi, in ce mijin ya dawo shi ya sa kukan ya tsaya. Na ce ba da bakina ba.

Ɗazu na ɗauki kujerar Baba zan kai masa gindin dutsen yadda na saba, sai ya ce in mayar da ita ɗaki, in juya ta wajen bango, daga yau a nan zai riƙa zama. Ya yi min godiya, ya sa min albarka.

In da hali ki zo ko kwana ɗaya ne. Kada ki gaya wa Mama tukuna.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta