Hannun Amarya

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Garba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga ubansa, ina fatan kana cikin ni'imar Ubangiji. Baba, da kana raye ba zan iya kallon idonka in faɗi wannan magana ba.

Ka tuna yadda kake kama hannuna in na dawo hutun makaranta, ka juya tafin, ka ce wannan ai hannun amarya ne? Kullum kana cewa a tafin hannu ake gane manomi, ba a baki ba. To Baba, yau gwamnati ta duba hannun amaryar nan ta ce shi ne manomi.

Bana aka kawo tallafin noman rani, taki da irin alkama. Ƙaninka Baffa Haruna, wanda ke riƙe da gonarka ta fadamar Kirikasamma tun rasuwarka, ya ce in raka shi, tunda ni malamin makaranta ne, na san kan takarda. Ashe ba takarda suke so ba, yatsa ake dangwalawa a na'ura.

Baffa ya ɗora babban yatsa, na'ura ta ƙi. Ya goge a riga, ta ƙi. Ya tofa yawu, wani ya miƙo man kaɗe, duk a banza. Saran ciyawar kachalla da jan igiyar injin ban ruwa sun cinye zanen yatsunsa kaf, duk sun yi kanta. Ma'aikacin ya tambaye shi ko ya haɗa yatsan da tuwo ya cinye ne. Layi ya kwashe da dariya. Baba, har da ni. Wallahi ban san lokacin da ta kuɓuce mini ba, kuma Baffa ya ji ta.

Masu shaddar da ke gabanmu kuwa, waɗanda ko hanyar fadama ba su sani ba, taɓawa ɗaya ake kiran na gaba. Wasu ma a bakin ƙofa suka sayar da buhunansu. Ina cikin tsine musu a zuci sai Baffa ya tura ni gaba, ya ce in sa nawa, ai duk gida ne. Ni ma taɓawa ɗaya.

Da alkama ta yi kore, masu duba gonaki suka zo, aka kira ni daga Haɗeja. Na je da takalmi sau-ciki ina ɗaga kafa kamar baƙo. Shugabansu ya yaba gona, ya ce irina ake nema. Sannan ya nuna Baffa, yana tsaye cikin laka, ya tambaye ni wane ne wannan. Na san in na faɗi gaskiya za a cire mu, baɗi babu taki. Sai Baffa ya cire malafa, ya rusuna, ya ce shi ɗan ƙodago ne, maigida yake yi wa aiki.

Baba, mutumin da ya saɓa ni a wuya ya ƙetare kogi da ni ina yaro, shi ya kira ni maigida, ni kuma na yi shiru. Ka so in iya tada kunya da garma, ban iya ba. Ga shi ɗayar kunyar na kwaso, ta hana ni sakat.

Da suka tafi na ce zan bi su in gyara maganar, ya hana ni. Ya kama hannuna yadda kake yi, ya juya tafin, ya daɗe yana kallo. Na zaci tsokanarka zai maimaita, har na so ya yi. Sai ya ce, "Ka kula da hannun nan, ɗana. Kar ka bari ya taɓa fartanya. Shi muke ci yanzu."

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya haskaka makwancinka. Allah Ya saka wa Baffa, Ya ba shi ladan gumin da aka rubuta da sunana, Ya yafe mini dariyar nan.

Ɗanka,
Sani, mai hannun amarya