Gonar Bayan Rafi Na Biyu

Kafanchan, 3 ga Agusta

Baba Bartholomew,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya ƙafar? Yaya zaman Sabon Tasha, da su ɗanka Ishmael da ke jinyarka? Na kira ka a waya sau biyu, ina ta ɗaga murya kana cewa "wa ke magana", har maƙwabta suka fara leƙowa. Shi ya sa na koma takarda, direba Lawal zai kawo maka.

Baba, idon ɗanka Kaleb yana tafiya. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa sai dai ya rage masa sauri. Gefe da gefe duk sun rufe, tsakiya kawai ta rage, kamar mai leƙe ta bakin kwalba. Tun Ista ya ajiye babur. Bai so in gaya maka ba, amma tun rasuwar mahaifinsa kai ne uba, kuma ƙasar gida a hannunka take.

Da aka yi hutun makaranta sai ya taso da wata magana. Wai mu hau keke mu huɗu, mu je gonar mahaifinsa da ke can bayan Fadan Kagoma, mu kwana a hanya cikin tanti, ya nuna wa 'ya'yanmu Ƙauna da Miriyam iyakar gonar tun yana gani. Na ce mu shiga mota, ya ce mota gudu take, idonsa ba ya kama komai, kuma a bayan keke mahaifinsa ya fara kai shi. Na ce damina ce, ya ce idonsa ba zai jira rani ba.

Na yi faɗa kwana biyu. Amma gaskiya, Baba, tun da ya faɗa nake ganin hanyar a raina ko ina kan keken ɗinki. Shekara goma da aure ban taɓa taka gonar nan ba, sai dai labarinta. Tsorona ɗaya ne: ranar da idonsa ya rufe, yaran nan su tashi ba su da wurin da za su nuna su ce na babansu ne.

Ka sa mana albarka. A gaida su Ishmael da yara.

'Yarka,
Hellen

*

Sabon Tasha, 7 ga Agusta

Hellen matar ɗana,

Alheri da salama su tabbata gare ku. Ƙafa da sauƙi. Zaman birni ne dai ba sauƙi, an ajiye ni gaban talabijin kamar kujera.

Na karanta takardarki sau uku, ranar ban iya cin tuwo ba. Yaron da na goya a kafaɗa. Ubangiji ya san abin da yake yi, ni dai ban sani ba.

Amma maganar tafiya, ban yarda ba. Ruwan Agusta ba abin wasa ba ne, Miriyam shekararta huɗu, kuma zamanin nan ba na kwana a waje ba ne. Na biyu, kuma kada ki ji haushina, a wurinmu ba a nuna wa 'ya mace iyaka. Ba ƙi ba ne. Mace za ta yi aure ta tafi, abin da ta sani ya bi ta gidan wasu. Gonar ta Kaleb ce muddin yana da rai, bayansa ta koma hannun mazan gida. Haka na tarar. Ku ma ai ba ku tsufa ba, Allah yana iya ba da namiji.

Na san ina ɓata biro ne, domin taurin kan mahaifinsa ya ɗauko kaf. In ya ƙi ji, kada ku kafa tantin nan a daji. Ku nemi filin makaranta ko na majami'a, ku fara gaida mai unguwa.

Ubangiji ya tsare.

Babanku,
Bartholomew

*

Kafanchan, 16 ga Agusta

Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan ƙafa tana ƙara sauƙi. Mun je, mun dawo, dukanmu da rai. Ka yi haƙuri, ba raini ba ne.

Mun tashi ran Litinin da safe, keke biyu. Ni a gaba da Miriyam, na ɗaure ta da zane a kan matashi, na sa ɗankwali rawaya don shi Kaleb yake bi. Ƙauna tana bayansa a kan kariyar keken, ita ce idonsa na gefe. Duk hanya sai ka ji ta: "Dadi, akuya a hagu. Dadi, rami. Dadi, wani mutum yana maka dariya." Tantin da muka aro a majami'a, da tukunya, da garin rogo da ƙuli-ƙuli, duk a kan kekunan nan, har wata mata ta tambaye mu ko an kore mu daga gidan haya ne.

Da rana ta karkata ruwa ya sauko, taya kuma ta yi faci. Mun bi maganarka, muka gaida mai unguwa, ya ba mu filin firamare. Tantin ashe tsoho ne, yana yoyo ta wuri uku. Itace ya jiƙe, wuta ta ƙi kamawa, Miriyam tana kuka tana cewa a kai ta gida. Na zauna a kan tukunya na ce a raina, Hellen, ke ce babbar mahaukaciyar, da kika biyo shi. Sai ga matar mai unguwa da kwanon gwaza mai zafi, ta ajiye ta ce, "Ku ci, yaran sun ji sanyi."

Safiyar Talata ce ba zan manta ba. Na fito na tarar hazo ya sauko ya kwanta a kan gonakin citta, duwatsu sun ɓace sai kawunansu, kamar ba a ƙasa suke tsaye ba. Babu motsin komai. Kaleb yana tsaye yana juya kansa a hankali, ɗan wuri bayan ɗan wuri, yana tattara abin da ni nake gani gaba ɗaya. Ya ce, "Hellen, kada ki yi magana, ina kwashewa ne." Muka hau keke cikin hazon nan, ba ka jin komai sai ƙarar sarƙa da waƙar Miriyam. Na ji kamar in muka ci gaba da tuƙi ba za mu taɓa isa ranar da likita ya faɗa ba.

Bayan Fadan Kagoma muka bar kwalta, nan wahala ta fara. Laka ta cika tayoyi, hawa ya gagara, sai turi. Kwarkwasa ta hau ƙafar Ƙauna, sai da na tuɓe ta a tsakiyar hanya. Mun sake kwana a harabar wata ƙaramar majami'a, kayanmu duk a jiƙe.

Ran Laraba Kaleb ya ce gonar tana bayan rafi na biyu. Na farko ƙarami ne, jan ruwa cikin kwazazzabo, muka tsallake. Na biyu ya kai min cinya. Ya ɗauki yaran ɗaya bayan ɗaya a wuya, ina riƙe da rigarsa ina gaya masa inda zai taka, sannan muka koma muka ɗauko kekuna.

Da muka haura sai rana ta fito, ga gonar cike da acca. Baba, ban san wa ke noma maka accar nan ba, amma Allah ya sa wa hannunsa albarka. Ta yi kai, iska tana bi ta kanta tana kwantar da ita tana tashi, ɗigon ruwa yana walƙiya a jikinta. Ga itacen atili babba a tsakiya. Kaleb ya rungume shi, ya ce a ƙarƙashinsa mahaifinsa yake ajiye gorar ruwa. Ya cire takalmi, ya kama hannun yaran, suka zaga: daga atili zuwa bakin rafi, daga rafi zuwa falalen dutse, daga dutse zuwa shingen ƙerana. Ƙauna tana maimaitawa kamar ayar haddacewa. Ya yanko ƙerana biyu ya dasa a bakin iyaka, ɗaya da sunan kowace. Na ce ya kula da farin ruwanta kada ya shiga masa ido, ya yi dariya ya ce me ya rage da zai ɓata.

Sannan muka kwanta a inuwar atilin mu huɗu, kaya suna bushewa a kan kekuna. Ya ce, "Yanzu ko ya rufe gobe, na gama." Tun da ciwon nan ya fara ban ga fuskarsa haka ba. Na yi murna, Baba, murnar da har ta ba ni tsoro.

Ka gafarta mana. Yara suna gaishe ka.

'Yarka,
Hellen

*

Sabon Tasha, 20 ga Agusta

Hellen,

Salama. Na gode wa Allah da kuka dawo lafiya.

Na san ke kike karanta masa takardu yanzu. Wannan ki karanta ke kaɗai.

Ba gonarmu kuka je ba. Tun da ƙafata ta kwanta ba wanda ya noma tamu, ciyawa ce a ciki. Atilinmu kuma tsawa ta kashe shi bara waccan, kututture ya rage. Jan kwazazzabon da kuka fara tsallakewa ba rafi ba ne, ruwa ne ya haƙa shi shekara uku da suka wuce, Kaleb bai san da shi ba. Kun tsaya bayan rafi na farko. Tamu tana gaba, tafiyar rabin awa. Da idonsa yana ganin gefe, da ya lura dutsen ba a inda ya saba yake ba.

Accar da kika yaba ta Asibi ce, matar marigayi Samson. Kin san dasa ƙerana a gonar wani kamar cewa gonar taka ce, an yi shari'a a kan abin da bai kai wannan ba. Zan san yadda zan yi da ita. Shi dai ki bar shi da murnarsa, kada ki gaya masa.

Babanku,
Bartholomew

*

Kafanchan, 24 ga Agusta

Baba,

Ina gaisuwa. Takardarka ta iso ina shago. Lawal ya ba Ƙauna, ita kuma yanzu ji take da karatu, ta buɗe ta zauna kusa da babanta ta karanta masa tun daga salama har sunanka. Har wurin da ka ce kada a gaya masa ta karanta, da murya mai kyau.

Na dawo na same shi a bakin ƙofa. Bai yi faɗa ba, bai yi kuka ba. Ya ce, "Hellen, na sa ruwa ya dake ku kwana uku, na ba 'ya'yana gonar mutane." Can kuma ya ce, "Na rungumi itacen wani ina kiran babana." Tun ranar ba ya fita. Jiya na ga yana lalube a jikin kekensa, na ɗauka gyara zai yi, ashe iskar tayoyin yake sacewa. Ya jingine shi a bayan ɗaki.

Ƙauna ta gane ita ta karanta abin da ya sa babanta shiru. Ta zo ta tambaye ni a hankali, "Momi, to in manta da wancan ɗin? Daga atili zuwa rafi?" Na jawo ta jikina.

Ka ce in bar shi da murnarsa. Na gode, na san ƙauna ce ta sa. Amma Baba, ba murna ya je nema ba. Ya je ne ya ba yaran nan wurin tsayawa, kuma yanzu ya san idonsa ba zai iya ba. A duniya mutum biyu suka san iyakar nan. Ɗaya ba ya gani, ɗayan kuma ya ce ba a nuna wa mace. Ban iya jayayya da abin da ka tarar ba, ni shigowa na yi. Na dai faɗa maka yadda gidan ɗanka yake.

Ka roƙa mana gafara wurin Mama Asibi. Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka,
Hellen

*

Fadan Kagoma, 2 ga Satumba

Hellen 'yata,

Salama. Kin ga inda nake rubutowa. Na gudo daga hannun Ishmael, likita zai yi haƙuri.

Na je wurin Asibi. Ta ce tana cikin accarta ranar, ta gan ku tun daga rafi. Ta ga yadda yake taɓa itacen, sai ta kasa fitowa. Ita ma 'ya'yanta uku duk mata ne. Ba ta riƙe ku da komai ba.

Ku zo ran Asabar, a mota wannan karon. Ki sa wa yaran takalma masu ƙarfi, iyakar tana da tsawo kuma ciyawa ta yi yawa. Ni ba ƙafa, Kaleb ba ido, sai mu riƙe juna, su kuma su wuce gaba su duba da kyau. Na kira dattawa huɗu su tsaya shaida.

Ban taɓa ganin an yi wa mace haka ba, kuma na san za a yi magana a gari. A yi.

Wannan ki ba Ƙauna ta karanta masa.

Babanku,
Bartholomew