Na Janye Khalas Ɗina

Zuwa ga Murjanatu, Murjata, murjanin da ba a samun irinsa a kasuwa,

Ya ke sanyin ruwan randa a tsakiyar bazara! Ya ke ƙamshin ƙasa ranar ruwan fari, inuwar darbejiyar ƙofar gidanku wadda ba ta taɓa korar baƙo ba! Hasken idona, abar alfaharina, mai muryar da ke kwance mini ƙullin ƙirji tun kafin ta gama sallama! Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Ki gaida mini Baba da Umma, idan har yanzu kina iya ɗaukar gaisuwar mutumin da kika daina amsa wa.

Halirunki ne. Yayanki Munzali zai taho gida hutu, shi na roƙa ya miƙa miki wannan takarda hannu da hannu, tunda waya ta zame mini rijiyar da nake jefa magana ba na jin ko ƙarar faɗuwarta. Ina rubutu ne a ɗakin gadinmu na unguwar Al Thumama a nan Doha, rana ta take, titi ya yi tsit. Jirage suna tashi ta saman kaina, kowanne ya wuce sai zuciyata ta bi shi a guje, ta gaji ta dawo. Ga littattafan jarrabawar shiga makarantar lauyoyi a buɗe a gabana, ga jarrabawar ta ƙaraso bakin ƙofa, ga ki kin yi shiru. Murja, da wanne zan ji?

Kin san abin da ya faru, amma bari in faɗe shi da bakina, ki ji yadda yake daga nan. Jarrabawar nan ba ta tambayar mutum doka ko ɗaya. Magana za a shimfiɗa maka da dogon Turanci mai jela, a ce nemo inda hujjar mai maganar ta yi rauni, a jera maka amsoshi masu kama da juna kamar 'ya'yan uwa ɗaya, agogo kuma yana ta gudu babu ruwansa da kowa. Wata da watanni ina fama da ita tsakanin ɗaga wa motoci sanda da sauke ta, makina yana hawa a hankali kamar tsohuwa a kan tudu, amma dai yana hawa. Ran nan na zauna gwaji da dukkan ƙarfina, sakamako ya fito ƙasa da inda na fara. Ƙasa da inda na fara, Murja! Idona ya rufe. Na ɗauki waya, na danna, na ce miki, "Khalas, Murja, na haƙura." Na kashe ta na jefa a aljihu.

Wallahi kalmar nan ba tawa ba ce, aro na yi daga Larabawa, an gama kawai take nufi. A garin nan khalas ba ta da nauyin ko silin auduga. Mai shayi ya gama zuba maka, khalas. Direban bas ya rufe ƙofa, yalla, mu tafi, khalas. Shugabanmu ya gama faɗa, khalas, anjima kuma ki gan shi yana dariya da wanda ya yi wa faɗan. Ta shige mini baki ban sani ba, kamar yadda yashin garin nan yake shiga takalmi. Na manta cewa idan ta ƙetare zuwa Malumfashi, ta sauka a kunnen malamar Islamiyya irinki, da cikakken nauyinta za ta sauka.

Da kika yi shiru, sai na ce shi ke nan, Murja ta ɗauka da ita na haƙura. Hankalina ya tashi irin tashin da ban taɓa sani ba. Na yi ta turo miki saƙon murya, dogo a kan dogo, ina bayani, ina rantsuwa, ina kawo hujjoji a jere, wai da karatu nake ba da ke ba. Ina ganin alama kin saurara, amsa kuwa ko ta kuskure babu. Ranar hutuna na kama hanyar Umm Salal wajen yayanki, na same shi a gonar da yake wa tuƙi yana loda akwatunan tumatir. Na tsaya a rana ina ta zuba masa bayanin da na zuba miki. Bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Malam Haliru, ka daina wahalar da bakinka. Ta fahimce ka sarai. Ta san jarrabawa ka ce ka bari, ba ita ba. Ai shi ne ma abin da ya ƙona mata rai."

Sannan ya faɗa mini abin da kika ce masa, kuma tun daga ranar kalmomin nan ba su bar kunnena ba. Kika ce, "Ni na durƙusa gaban Baba na ce a ƙara masa lokaci kafin ya fito neman aurena, mutum ne mai ƙarasa abin da ya ɗauko. To idan takarda ta sa shi cewa khalas, ranar da ni na yi masa wuya me zai ce?"

Haba Murja! Haba gimbiyata! Da wuƙa kika ɗauka da ta fi mini sauƙi. Kin san me na yi? Na koma ɗaki na zauna da maganarki kamar yadda aka koya mini zama da tambayar jarrabawa. Na juya ta, na kwantar da ita, na leƙa ƙarƙashinta ina neman inda ta yi rauni. Ni da na kwashe watanni ina koyon huda hujjar mutane, ban sami ko ramin allura a taki ba. Da ana adalci a duniya, ke ya kamata a ba ki kujerar jarrabawar nan, ni in tsaya a ƙofa da kayan gadina in ɗaga miki sanda.

Kin tuna ranar da abin nan duka ya samo asali? A zaurenku ne, da la'asar, ruwa ya tsare ni. Kika kawo mini kunun gyaɗa, na kurɓa na ce da lemon tsami aka yi da ya fi na tsamiya. Kika ce ƙarya ne. Na kafe, kika kafe. Na kawo hujja daga kakata, na kawo daga Kano, na kawo daga inda ni kaina ban taɓa zuwa ba, alhali ina ta shanye kunun da nake kushewa. Ruwa ya ɗauke ban sani ba. Kika karɓi kofin da babu komai a ciki, kika leƙa, kika dube ni da idanun nan naki masu kashe mini jiki, kika ce, "Kai kam lauya ne, komai aka miƙa maka sai ka lauya shi. Je ka karanto abin a ba ka shaida, ka daina ɓarnatar da shi a zaurenmu." Wasa kika yi, na sani. Ni kuwa na fita daga zauren nan ina taka ruwa, takalmi a hannu, da wani abu a ƙirjina wanda babu shi lokacin da na shigo. Digirin da na ajiye a akwati shekara da shekaru, ranar na fara jin yana da sauran amfani.

Tun daga nan kika sa mini Barista. Da na zo Doha kuma kika ɗora wa kanki wani aiki da ban roƙe ki ba. Safiyarku hantsinmu ne, daidai lokacin da masu gidaje suka gama fita, motocin makaranta suka wuce, ƙofa ta huta. Sai wayata ta motsa, in ji ki kina cewa, "Barista, a buɗe littafi, kotu ta zauna." A bayan muryarki kullum ga injin markaɗen maƙwabciyarku Zuwera yana ta ruri, har wani lokaci sai kin ɗaga murya. Sau nawa na yi miki ƙorafi a kan injin nan? Sau nawa na ce ki shige ɗaki kafin ki danna? Allah Ya yafe mini! Yau da za a ce in zaɓa tsakanin duk kiɗan duniya da rurin injin Zuwera, ko numfashi ba zan ja ba kafin in zaɓa.

Yanzu hantsi yana yi, ƙofa tana hutawa, wayar tana kwance a kan tebur kamar gawa. Ina kallonta, ina juya ta, ina duba ko caji ne ya ƙare. Caji bai ƙare ba, Murja. Ranar Juma'a da yamma na ɗauki littafi na tafi Corniche, wai ko iskar teku za ta buɗe mini kai. Mutane suna ta wucewa da iyalansu, jiragen katako suna lilo a bakin ruwa, ni kuwa layi ɗaya na yi ta karantawa har rana ta yi ja. Na dubi ruwan nan na tuna daga cikin teku ake fito da sunanki. Teku guda a gabana, ni kuma murjani ɗaya tak nake nema, shi ma ya ƙi ni!

Kada ki ce zaune nake ina kuka kawai. Na koma karatu, kuma ba don in burge ki na faɗa ba, yayanki shaida ne, ya zo ya same ni a kai. Gwajin nan da ya kayar da ni na ɗauko, na bi shi tambaya bayan tambaya, ina tambayar kaina me ya sa na zaɓi abin da na zaɓa. Kin san abin da na gano? Ba rashin sani ne ya kayar da ni ba, gaggawa ce. Da na ga amsar da ta yi kama da gaskiya sai in cafke, ba na tsayawa in karanta sauran. Abin da na yi a takarda shi na yi a waya, shi kuma na yi da na ji shirunki, na yanke miki ma'anar da ba ita kike nufi ba. Yanzu ina koya wa kaina tsayawa. Makin ya fara ɗagowa, ba da yawa ba, amma ya ɗago. Sai dai karatun nan ba tare da muryarki ba tuwo ne babu miya, ina tura shi ne don kada in mutu, ba don yana wucewa da daɗi ba.

Ga abin da ke hana ni sukuni, bari in faɗa miki ƙarara. Yaya Munzali yana isa gida, Baba zai tambaye shi ina labarin karatun yaron nan. Daga nan zai kira ki, ya tambaye ki ko har yanzu kina kan bakanki. Ke ce kika karɓo mini lokacin nan, a kan maganarki yake tsaye, ba a kan tawa ba. Ina tsoro, Murja. Ina tsoron ki ari kalmar da na ara, ki ba Baba amsa da ita. Idan khalas ta fito daga bakinki ba ta mai shayi ba ce, ba ta direban bas ba ce, na san babu dariya a bayanta. Me zan yi da rigar lauya ranar nan? Wa zai kira ni Barista in ji daɗin sunan? A gaban wa zan lauya magana a leƙa kofina a yi mini dariya?

Ba zan yi miki alkawarin zan ci jarrabawar nan ba, wannan na Allah ne, kuma kin fi ƙarfin a lallashe ki da abin da ba a hannuna yake ba. Ga wanda ke hannuna: zan zauna mata. Idan ta kayar da ni zan tashi in karkaɗe jiki in sake zama. Ranar da kika yi mini wuya kuwa, kuma na san za ki yi, don na ɗanɗana yanzu, abin da zan ce shi ne abin da nake cewa a wannan takarda: ina nan, ban tafi ba. Kin tambayi yayanki me zan ce, to ga amsar, shirunki da kansa ya zame mini gwaji, kuma kin ga ban haƙura ba. Na janye khalas ɗina, Murja. Na janye ta a gaban Allah, a gaban yayanki, a gabanki. Na mayar wa masu ita abarsu.

Abu ɗaya nake roƙo, ya sanyin idona, kuma na rage shi har ya zama ɗan mitsitsi don kada ya yi miki nauyi. Ban ce ki yafe mini yanzu ba. Ban ce ki kira ni Barista ba, sai na cancanci sunan. Ban ma ce ki yi mini magana ba, riƙe fushinki har ranar da kika ga dama, hakkinki ne. Amma washegarin ranar da takardar nan ta shiga hannunki, da safe, idan Zuwera ta tayar da injinta, ki fito tsakar gida da wayarki. Ki danna, ki yi shiru abinki, ki bar injin ya yi ruri, sannan ki turo mini. Zan gane kotu ta zauna, zan buɗe littafi.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da za a miƙe ni a dama,
wanda ba zai ƙara haƙura da ke ko da abin da kika sa shi a kai ba,

Haliru
Al Thumama, Doha