Gyaɗa da Tsakuwa

Litinin, 17 ga Nuwamba, 1975

A rubuta domin 'yan baya: yau tsohuwar langar da ake kawo mini abincin rana a banki ta yi ritaya, ba fansho ba garatuti. Matata Safiyyatu ta sayo sabuwa mai zanen furanni, ta fi waccan zurfi. An ƙaddamar da ita a gindin dogon yaron bayan banki da dambun masara, duk ma'aikatan reshenmu suka sa hannu kamar kullum. Ba a yi jawabi ba, bakin kowa a cike yake.

Wani ƙaramin labari kuma: tayin hedikwata ya iso daga Ikko.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Tun da gwamnati ta yi wa ma'aikatanta ƙarin albashi farkon shekara, ƙungiyarmu ta ma'aikatan banki take neman abu biyu: ƙari mai ɗorewa, da tabbatar da ma'aikatan wucin gadi. Amsar banki ita ce bonas na albashin wata uku, a hannu, kafin Babbar Sallah, mu kuma mu janye biyun. 'Yan wucin gadi a ba su na wata guda, in kakar auduga ta ƙare a sallame su. Wai an sayo injunan lissafi.

Wanda ya tsara wannan a Ikko ya fi limaminmu sanin tsayuwar wata.

A reshenmu mutum ɗaya sallamar ta shafa: Elias, mutumin Kaltungo, kashiyan da ake ɗauka duk lokacin da masu sayen auduga suka cika banki, a riƙe shi da alkawari har wata kakar. Ya daɗe a haka, har bara ya kwaso iyalinsa ya sa yara makaranta a nan. Mutumin kirki. Amma ai ba ni na ƙera injin ba.

Ni dai kwanon ɗakin Safiyyatu a Tudun Wada ya sha ruwan bana har ya ƙoshi. Buhun siminti kuwa yanzu sai an gaishe shi da girmamawa. Ga rago.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Taro bayan an taso daga masallaci. Ni ne wakilin ƙungiya a reshe, ni ne kuma dattijo. Yaran nan duk Baffa suke ce mini, har Kiristocinsu. Na gudanar da taron yadda aka koya mana a kwas a Kaduna. Na karanta tayin, na yi bayani mai daɗi a kan tsadar rayuwa, na ce kuɗin da ke hannu ba ya jiran sa hannun kowa. Sannan na ce masu goyon baya su ɗaga hannu, na ɗaga nawa don su ga yadda ake yi.

Hamman direba ya ɗaga. Sauran suka bi. Har Yuguda, wanda wata shida yana cika mana kunne da haƙƙin ma'aikaci, ya ɗaga nasa iyakar kunne, kamar mai kore ƙuda. Elias ma ya ɗaga.

Na ce akwai mai magana? Babu.

Na sha karanta tarihin juyin juya hali a ƙasashe, ban taɓa ganin inda ƙahon rago ya kashe shi cikin minti goma ba sai a Gombe. Ran shida ga wata mai zuwa zan kai ƙuri'armu taron wakilai a Jos.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Na yi wa kafinta magana. Na kuma leƙa wani farin rago a kasuwa, shi ma ya leƙe ni.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Yuguda bai zo cin abinci ba. Azumin Litinin, in ji shi. Ban san juyin juya hali ya tuba ba.

Talata, 25 ga Nuwamba

Yau ba Litinin ba, amma Yuguda na azumi. Hamman ya ce cikinsa. Yara biyu masu aiki a kanta sun ce aiki ya yi yawa, alhali tun safe ba wanda ya shigo sai wani Bafulatani da ya zo duba ko kuɗinsa suna nan yadda ya bar su.

Gaisuwa kuwa ta ƙaru. Kowa har ƙasa: “Baffa, an tashi lafiya? Baffa, ya gida?” Ban taɓa shan ladabi irin na makon nan ba. Ba na jin daɗinsa, ban san dalili ba.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Ni da Elias kaɗai a gindin bishiya, da langar da ta ishi mutum goma. Shi bai fasa ko sau ɗaya ba.

Na ce masa ya yi haƙuri da yadda abin ya zo. Ya ce, “Ba komai, Baffa. Sallah ce, mutane na da iyali.” Na ce kai ma ai Kirsimeti na tafe. Ya yi dariya, ya ce na wata guda zai sayi kaza, saura ya biya motar kwasar kaya zuwa Kaltungo. Manaja ya riga ya gaya masa watan Maris. Babbar 'yarsa ce damuwarsa, tana aji shida, malamai sun ce za ta ci jarrabawar shiga sakandare in ba a ɗaga ta ba.

Na ce to me ya sa ka ɗaga hannu? Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa yake cire takalmi in zai shiga zaurena.

Na tsame hannu daga dambun. Busasshe ne yau, zan gaya wa Safiyyatu.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Ban gaya mata ba, ita ta tare ni. Mako guda langa na komowa da abinci, tana so ta san ko hannunta ne ya lalace. Na ba ta labari duka, har da barkwancin rago. Ba ta yi dariya ba.

“Malam, wa ya fara magana a taron?”

Na ce ni.

“Wa ya fara ɗaga hannu?”

Na ce haka ake yi a Kaduna.

Ta ci gaba da tsince shinkafarta. Can ta ce, shekarar da Baffa Joda, ƙanen mahaifina, ya tara mu ya ce a sayar da shanun gida a sayi lori, na ce masa a'a? Na ce wa ya isa. “To me ka yi?” Na ce na ce to. “Sannan?”

Sannan na yi wata biyu ban ci tuwon gidansa ba. Kullum kuwa sai na je gaishe shi, har ƙasa.

Na ce mata kwanon ɗakinta fa nake nema wa kuɗi. Ta ce damina da sauran wata shida, kuma ta san inda take ajiye bokiti.

Lahadi, 30 ga Nuwamba

A gidanmu babba ne ke magana a ƙarshe, bayan ya ji kowa. Na san wannan tun ban san harafi ba. Kwas na mako biyu ya shafe shi.

Duk da haka ƙuri'a ƙuri'a ce. An yi ta bisa ƙa'ida. Kuma wa ya ce in an ƙi tayin za a tabbatar da Elias? Ana iya rasa bonas, a rasa shi. Ga gwamnati na ta korar manyan ma'aikata a rediyo kowace yamma. Ba lokacin ɗaga kai ba ne. Shekara uku suka rage mini.

Talata, 2 ga Disamba

Manaja ya ji zan sake taro. Ya kira ni ofis, ya ba ni shayi, ya ce ya riga ya buga waya Ikko cewa Gombe ta amince baki ɗaya, an kuma yaba wa dattakuna. Ya ce a irin shekaruna mutum kan so a tuna da shi da alheri. Shayin ba sukari.

Mai rago ya aiko tambaya.

Laraba, 3 ga Disamba

Bayan an rufe banki na tara su. Na ce takardar wancan taron ta jiƙe da shayi, dole a sake. Ba wanda ya yarda, ba wanda ya musa.

Na kawo ƙwaryar Safiyyatu da faifai, na ajiye bayan bishiya inda ba mai ganin wani. Kowa na ba shi gyaɗa ɗaya da tsakuwa ɗaya. Gyaɗa, a karɓi bonas. Tsakuwa, a ƙi. Na ce ni ne na ƙarshe, kuma yau ba ni da jawabi. Yuguda ya ce, “Baffa, lafiya dai?” Na ce azumin magana nake, tunda azumi ya shigo gari.

Suka rinƙa zagayawa ɗaya bayan ɗaya. Da na je na daɗe a tsaye. Na tuna ragon nan, da yadda ya dube ni.

Da na ɗauko ƙwaryar, kafin in buɗe, ƙararta ta ba da amsa. Tsakuwa ce zalla, sai gyaɗa guda tana yawo a tsakani. Na lura duk sun kawar da kai daga gare ni, don kada dattijo ya ji kunya. Kowa ya ɗauka tawa ce.

Abin da ban yi tunaninsa ba: ba a bai wa mutumin Gombe gyaɗa ya riƙe ta a banza. Duk wanda tasa ta rage a hannu ya ɓare ya jefa baki. Haka sirrin ƙuri'ata ya watse, kowa na tsaye yana tauna. Hamman ne ya fara kallon bakina, ya taɓa Yuguda. Ashe ni ma taunar nake.

Mutum ɗaya ne bakinsa bai motsa ba. Elias na tsaye can gefe, yana juya tsakuwa a tafin hannu.

Yuguda ya ce, “Kai wane irin mutum ne? Mu muna jefa dutse dominka, kai kana jefa gyaɗa?” Elias ya ce ba zai ci ragon Sallar mutane ba. Hamman ya ce, “To ka ci, sai ka zo ka taya mu cin akuya.”

Asabar, 6 ga Disamba, Jos

Sanyi, da jawabai. Da aka kira Gombe na miƙe na ce a'a. Wakilin hedikwata ya duba takardarsa, ya dube ni, ya sake duba takardar. An ƙi tayin da ƙaramin rinjaye. Ba bonas kafin Sallah. Za a koma teburi a Janairu, maganar 'yan wucin gadi ce ta farko. Ba wanda ya yi alkawarin komai.

Talata, 9 ga Disamba

Manaja ya daina ba ni shayi. An ce sunana ya fita daga cikin waɗanda za a ƙara wa girma kafin ritaya. Na sallami kafinta. Farin ragon wani ɗan kwangila ya saya, na gan shi a bayan sabuwar mota, bai ko waiwayo ba.

Laraba, 17 ga Disamba

An koma aiki. Layya muka yi da wani ɗan rago wanda sai da na rantse wa maƙwabta ya cika shekara. Elias ya zo barka da Sallah da matarsa da 'yar tasa, ta karanta mini jarida ba gargada. Manaja bai sake ambaton Maris ba, bai kuma janye ba. Auduga ta fara shigowa, Elias na kan kantarsa.

Yau langa ta koma gida a wanke. Yuguda ya side gefenta, ya ce a gaya wa Goggo Safiyyatu gishiri ya yi daidai. Gaisuwa ta ragu. Hamman ma a tsaye ya gaishe ni, yana tsokanata da ragon.

Na rubuta a nan cewa ƙahon rago ya kashe wa yaran nan juyin juya hali cikin minti goma. Ba su ya soka ba, ni ne. A gyara.