Ganyen da Yaya ba ta cikewa

Admin don Allah a ɓoye sunana. Assalamu alaikum mutanen wannan zaure, da fatan kowa yana lafiya. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, don na san wasunku akwai saurin hannu wajen kwamen.

Ni mai ƙunshi ce, ina aure a Gumel amma asalinmu 'yan Ɗanzomo ne. Da na ce mai ƙunshi kada ku ɗauka wata gwana ce, gwanar ita ce yayata uwa ɗaya uba ɗaya, Allah ya jiƙanta. Ita daga kanta take ƙirƙiro zane, ko hoto ba ta kallo, za ta kama hannun amarya ta jujjuya shi, sai kawai ki ga fulawa tana fitowa. Ni kuwa tun muna yara kwaikwayo ne aikina, ta yi hannun dama ni in kwafa a na hagu. Bara bayan ƙaramar sallah aka kira ta ƙunshin biki a Maigatari, motar da ta shiga ta yi hatsari, ko asibiti ba a kai da ita ba.

Abin da ya fi cin Innarmu shi ne yadda suka rabu. Inna ta ce kada ta je ranar kasuwa ce hanya ta cika, Yaya ta ce ta riga ta yi wa mutane alkawari, suka ɗan sa-in-sa. Da ta durƙusa yin sallama Inna ta kawar da kai, ba ta ce mata Allah ya yi albarka a dawo lafiya ba, alhali ko gidan maƙwabta za mu shiga sai ta faɗa mana. Tun daga ranar Inna ta koma kamar ba ita ba, abinci sai an yi da gaske, magana sai ta zama dole.

Ni ma sana'a ta tsaya min. Amare su zo su ce sabon zane suke so, in zauna in yi ta zuru da lalle a hannu, kaina fayau babu komai. Maigidana ne ya ga na dame shi da kuka ya saka min manhajar nan ta AI a waya, ya ce in tura mata hotunan aikin Yaya in ce ta fitar min da sabo irinsu. Na yi masa dariya, na ce abin da ko warin lalle bai sani ba. Amma na tura, duk hotunan da ke wayata da na wayar marigayiya.

Wallahi da zanen farko ya fito sai da na ajiye wayar na tashi tsaye. Ba kwafi ba ne, Yaya ba ta taɓa yin wannan zanen ba, amma nata ne. Ita bahaguwa ce, reshenta hagu yake lanƙwasawa, wannan ma haka. Na yi wa wata amarya 'yar garinmu shi, aka kai ta gaida Inna, Inna ta kama hannunta ta ƙura masa ido ta ƙi saki. Ta nuna wani ɗan ganye kusa da ƙaramin yatsa ta ce ga shi nan, Yaya ce kaɗai take barin ganye ɗaya ba ta cike shi ba, wai aikin ɗan Adam bai kamata ya cika tsaf ba. Na koma gida na bi hotunan nan ɗaya bayan ɗaya, ganyen yana nan a kowanne. Ni da na tashi a gefenta ina kwafar hannunta ban taɓa lura ba, cikewa nake yi ina ganin mantuwa ta yi, amma wannan abin ya lura.

Da Inna ta tambaye ni inda na samo zanen, gwaggonmu da ke zaune ta yi caraf ta ce ai mafarkin marigayiya take yi, a mafarki take nuna mata. Ban ce e ba, ban kuma ce a'a ba. Inna ta yi murmushi, wanda rabon da in gani tun kafin rasuwar, ranar har ƙarin tuwo ta nema.

Yanzu duk Juma'a sai na je Ɗanzomo. Innar da Yaya ta sha roƙonta ta bari ta zana mata hannu tana cewa ita da tsufanta lallen dunƙule marar zane ya ishe ta, ita ce yau take miƙo min hannu ta ce in yi mata sabon da aka nuna min. Kwanaki manhajar ta fitar da zangarniyar gero tana hawa daga tsintsiyar hannu har yatsa, kuma Yaya ta taɓa ce min duk ranar da Inna ta yarda gero za ta zana mata. Maigidana ya ce in daina tsorata kaina, ai ni na faɗa wa manhajar mu manoman gero ne, lissafi kawai take yi. Muka yi faɗa sosai, ya ce yaudarar tsohuwa nake yi da waya, na ce shi ya kawo abin gidan, ya ce to goge shi zai yi, na ɓoye wayar. Na san gaskiya ya faɗa, na san wanda ya mutu ya tafi. Amma duk sanda sabon zane ya buɗe tsigar jikina sai ta tashi, har na kama kaina ina ce wa waya sannu Yaya. Ina jin tsoron abin, kuma ina ɗokinsa.

Juma'ar da ta wuce ina cikin yi mata ƙunshi Inna ta sunkuyo ta rage murya ta ce, “In ta sake zuwa miki ki ce na ce Allah ya yi mata albarka. Ki tambaye ta ko ta ji, ki zo min da amsa.”

To ga inda nake jama'a. In na faɗa mata gaskiya, cewa ba mafarki ba ne waya ce, ina tsoron ta koma yadda take, kamar na sake kawo mata gawar Yaya ne. In na ce ta ji, na yi wa mamaciya ƙarya na yi wa mahaifiyata, kuma ba ta Allah ba ce. Masu ilimi a cikinku da waɗanda suka taɓa rasa wani, in faɗa mata ne ko in yi shiru? In goge manhajar ne? Jibi Juma'a, Inna ta riga ta aiko a ce min ta tankaɗe lalle, tana jirana da amsa.